Yadda Ake Jinyar Ciwon Cin Abinci Ba Tsayawa: Zaman Tattaunawa da Maganin Damuwa

Ba kowane mai cin abinci da yawa ne marar lafiya ba. Wanda ya share malmala uku a gidan suna, ya kora da zoɓo, ya tashi yana shafa ciki ana ta raha, wannan lafiyarsa ƙalau. Wadda nake nufi ita ce mai jira gida ya yi tsit, ta shiga kicin ta turo ƙofa, ta fara da ragowar shinkafar rana a tsaye daga cikin tukunya, ta wuce kan burodin da aka ajiye wa yara na safe, ta buɗe gwangwanin madara tana ɗiba da cokali. Ba yunwa take ji ba. Tana so ta daina, hannun ya ƙi tsayawa, har sai cikin ya ɗaure numfashi na yi mata wuya. Daga nan ta cusa ledojin can ƙasan kwandon shara, ta kwanta tana tsine wa kanta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma da wuya a ga wadda ta zo ta ce wannan ne ya kawo ta. Da rashin barci suke zuwa, ko faɗuwar gaba, ko a turo su daga wajen masu hawan jini da suga. Sai an zauna an saba, sannan maganar cin take fitowa, murya ƙasa-ƙasa. Zan riƙa cewa "ke" domin mata sun fi yawa cikin waɗanda nake gani, amma maza ma suna fama da shi, illa dai nasu ya fi ɓuya. Namiji ya tsaya wajen mai tsire, ya biya wajen mai shayi a soya masa Indomie da ƙwai, ya iso gida ya ci tuwon dare, ba wanda ya haɗa lissafin sai shi.

A gida sunansa haɗama ko zari, wasu ma su ce iskokai ne ke ci ta bakin mutum. A asibiti ciwo ne da aka daɗe da sani. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Albert Stunkard, ya siffanta shi tun 1959, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba shi gurbin kansa a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Ma'aunin da likita zai duba shi ne: ana cin abin da ya wuce na mutane nesa ba kusa ba cikin ɗan lokaci, kamar awa biyu, tare da jin an kasa tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata 3, kuma abin yana ci wa mutum rai. Idan bayan cin kina sa yatsa a maƙogwaro ki amayar, ko kina shan maganin wankin ciki don ki fitar da shi, to wannan wani ciwon ne dabam da ake kira bulimiya, kuma akwai magungunan da ba a ba mai shi. Shi ya sa likita ba ya tsallake tambayar ko kina yin haka.

Ranar farko a asibiti

Ki nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa a Kaduna, Kware a jihar Sakkwato da na Maiduguri. Na san sunayen nan kaɗai suna sa wasu ja da baya, wai kada a gan su a ce sun taɓu. Layin da za ki tarar yawanci masu rashin barci ne da masu damuwa da masu farfaɗiya, mutane irinki da kayansu tsaf. In kin fi sakewa da likitan da kika saba gani, ki fara da shi ya rubuta miki takardar turawa.

Ki zuba duk abin da kike sha a leda ki tafi da shi, har da na gargajiya da shayin rage tumbi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da na fi so a fito mini da shi shi ne maganin ƙiba, irin wanda ake sha gab da biki don a ciko. Yawancinsu cyproheptadine ne ko dexamethasone, dukansu kuma buɗe ciki suke yi. Wata ba ciwon nan ne da ita ba sam, ƙwayar ce ke sa ta ci. Amma dexamethasone ba a yanke shi rana ɗaya idan an daɗe ana sha, likita ne zai janye shi a hankali. Ki kuma faɗa idan kina da juna biyu ko kina shayarwa ko kina neman haihuwa, idan kina taɓa tramadol, idan kin taɓa yin kwanaki ba barci kina jin ƙarfi da yawan surutu da kashe kuɗi ba lissafi, da kuma idan tunanin gara mutuwa yana zuwar miki. Kowace amsa a nan tana canza maganin da za a rubuta. Za a auna hawan jini da suga da nauyi.

Littafi da agogo

Jinyar da ta fi kafuwa a kan hujja ita ce zaman tattaunawa da ake kira CBT, wanda masanin halayyar ɗan'adam ko likita ko ma'aikacin jinya da ya samu horo yake jagoranta. Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford yana cikin waɗanda suka tsara shi don matsalolin cin abinci. Kada ki ɗauka hira ce ta "ki yi haƙuri, ki rage ci". Aiki ne da ake ba ki ki tafi da shi gida, a duba a mako mai zuwa.

Aikin farko littafi ne, irin mai shafi arba'in na 'yan firamare ya isa. Duk abin da ya shiga bakinki ki rubuta a lokacin, ba da dare ba, domin da dare kunya ce ke riƙe da biron. Lokaci, abin da aka ci, inda aka ci, da abin da ke ranki. Inda kika ji abin ya ƙwace miki, ki sa alamar tauraro. Wadda boko bai zauna mata ba ta rubuta da ajami, ko ta naɗi muryarta a waya. Shafin da na fi gani kusan kullum haka yake: da safe ba komai, "ban cancanci karyawa ba bayan abin da na yi jiya". Ƙarfe ɗaya, ruwan shayi ba madara. Ƙarfe biyar, cincin guda biyu a ofis. Tara da rabi na dare, bayan waya da uwar miji, tauraro, sai layi shida na abinci.

Duk wadda ta kalli shafin nan za ta ce wayar ce ta jawo. Wayar ta taimaka, amma ki dubi saman shafin. Mace ta wuni awa goma sha huɗu a kan ruwan shayi da cincin biyu. Jikin da aka hana abinci haka, da ya samu ƙofa ba zai yi sallama ba. Ci da dare, horon kai da yunwa da safe, yunwar ta sake kawo cin dare: wannan zagayen ne ke riƙe da ciwon, kuma nan ake fara yanke shi.

Saboda haka aiki na biyu shi ne cin abinci a kan lokaci: manya uku, ƙanana biyu ko uku, kada tsakani ya wuce awa huɗu. Mu da muke da salloli biyar ba mu rasa agogo ba. Karin kumallo wajen ƙarfe bakwai, abin taɓawa da hantsi kamar ayaba ko gyaɗa cikin tafin hannu, abincin rana bayan azahar, wani abin taɓawar bayan la'asar, tuwon dare tsakanin magariba da lisha. Mai kwana a makare ta ƙara kofin kunu ko nono kafin barci. A tsakaninsu ba a ci. Idan lokacin ya yi, a ci ko ba a jin yunwa, ko da kuwa jiya an yi ɓarna, domin a wannan matakin ba a yarda da abin da ciki ke faɗa ba tukuna, ya daɗe da rikicewa. A zuba a faranti, a zauna, a ci da mutane in da hali. Ba a ci daga tukunya ko daga leda, ba a ci ana latsa waya.

A makonnin farko ba na taɓa irin abincin. Ki ci tuwonki, ki ci ɗanwakenki da mai da yaji. Lokacin kawai muke gyarawa. Nan ne ake yi mini gardama: "Sista, ni da na zo a rage mini ci, kin ce in ci sau biyar?" Sai mu buɗe littafin mu haɗa abin da ke ƙarƙashin tauraro ɗaya, mu ga ya fi karin kumallo da abincin rana a haɗe. Mai suga kuwa tsarin nata sai an haɗa da likitan da ke duba ta.

Azumi yana buƙatar magana a fili. Na ga masu ɗaukar Litinin da Alhamis washegarin daren da suka yi ɓarna, in ka tona ka tarar rabin niyyar horon ciki ce. Nakan ba da shawarar a ɗan jingine na nafila har cin ya daidaita, a kuma tambayi malamin da aka yarda da shi game da rangwamen marar lafiya. Na watan Ramadan kuwa shiri ake yi masa tun Sha'aban: kada a tsallake sahur, a buɗe baki da dabino da ruwa da ɗan kunu, a tashi a yi magariba, sannan a dawo a zuba faranti ɗaya a zauna, a ƙara wani abu kaɗan bayan asham. Tiren ƙosai da soyayyen dankali da aka jibge gaban mai wannan ciwo da kiran salla ba gata ba ne.

Idan abin ya taso

Ko an gyara lokaci, sha'awar za ta riƙa zuwa, musamman da dare. Abin da masu ciwon ba su sani ba, domin ba su taɓa jira sun gani ba, shi ne ba ta dawwama. Kamar hadari take, ta haɗu ta yi baƙi ƙirin, in an ba ta lokaci iska ta watsa ta. Tun da rana, lokacin da hankali ke kwance, ki rubuta abubuwan da za ki yi waɗanda ba sa haɗuwa da ci: wanka, alwala da karatu, kiran ƙawa, fita tsakar gida wajen mutane, wanki, tsifar kai, sa lalle ma, tunda hannu a ƙunshe ba ya ɗiban abinci. Ki duba agogo ki ce sai bayan minti ashirin. Wani daren za ki ci nasara, wani daren ba za ki ci ba, duka biyun a rubuta.

A zaman da ke biyo baya ake shiga tunanin da ke rura wutar. Babbansu shi ne "tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa". Mace ta haramta wa kanta alawa da kek da lemon kwalba, ranar da ta ɗanɗana yanka ɗaya a gidan biki sai ta ga ai dokar ta karye, ta dawo gida ta share abin da ke firji. Maganinsa shi ne a dawo da abincin da aka haramta cikin tsari, kaɗan, da rana, a gaban mutane, har ya zama abinci kawai. Sikeli kuma sau ɗaya a mako, rana ɗaya, ba kullum ba, ba kuma a guje shi gaba ɗaya ba.

Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, a ƙa'idojinta na 2017, ta ce a fara da tsarin taimakon kai: mutum yana bin matakan nan da kansa, ma'aikacin lafiya yana duba shi a gajerun zama na minti ashirin-ashirin, 4 zuwa 9 cikin mako 16. In bayan mako 4 ba a ga alamar ci gaba ba, a koma zaman rukuni na mako 16, ko zaman mutum ɗaya sau 16 zuwa 20. Wannan ya yi mana daidai, domin masana halayyar ɗan'adam ba su wadace mu ba, kuma zaman minti ashirin abu ne da ma'aikaciyar jinya za ta iya. Akwai kuma wani salon zaman da ake kira IPT, wanda ba ya bin ta kan faranti, sai ta kan zamantakewa: rasuwa, saki, zaman kishi, amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba. Wadda duk taurarinta suke biyo bayan rikici da mutum ɗaya, wannan yakan fi karɓar ta.

Ina matsayin ƙwaya?

Kusan kowa da ita yake fara tambaya, ni kuma da gangan na bar ta sai yanzu. Magungunan damuwa na rukunin SSRI, irin su fluoxetine da sertraline da escitalopram, suna aiki ne a kan sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa, kuma gwaje-gwaje sun nuna suna rage yawan aukuwar cin a gajeren zango. Sai dai ragin ba mai yawa ba ne, ba sa sauke nauyi a zo a gani, kuma abin yakan dawo in an daina. A Jami'ar Yale ta Amurka, Carlos Grilo da abokan aikinsa sun raba mutum 108 gida huɗu na tsawon mako 16, suka wallafa sakamakon a 2005. Masu shan fluoxetine kaɗai, kashi 22 cikin ɗari ne cin ya tsaya musu. Masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta, kashi 26. Masu zaman CBT tare da fluoxetine, kashi 50, masu CBT da ƙwayar da ba magani a ciki kuma kashi 61. Ko ta ina aka karanta, zaman ne ya yi aikin. NICE ma cewa ta yi kada a ba da magani shi kaɗai a matsayin jinyar ciwon nan.

To me ya sa har yanzu likitocinmu suke rubuta shi, ni ma nake goyon baya? Saboda da yawa cikin masu ciwon suna ɗauke da ciwon damuwa ko fargaba a tare. Macen da ba ta iya tashi daga gado, wanka ma sai an yi da gaske, ba za ta riƙe littafi ta bi agogo ba. A irin wannan, maganin yana ɗaga ta ne har ta iya yin aikin. Haka wadda garinsu ba mai zaman tattaunawa ko kusa, ƙwaya da littafi da ganin likita wata-wata ya fi zama haka nan.

Likita yakan fara da kaɗan, fluoxetine miligiram 20 ko sertraline miligiram 50, ya ƙara in da buƙata. Fluoxetine da safe ake sha domin yana iya hana barci, kuma in aka sha bayan karyawa tashin zuciyar yana sauƙi. Makon farko da na biyu wahalarsa ake fara gani kafin amfaninsa: tashin zuciya, ciwon kai, sakin ciki, ɗan rashin natsuwa. Yawanci suna lafawa. Amfanin sai mako biyu zuwa huɗu yake fara bayyana, wani lokaci har shida, kuma a wannan tsakanin ne mutane suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Akwai illar da ba a faɗa sai na tambaya, wato raguwar sha'awar aure ko jinkirin gamsuwa. Ki faɗa wa likita, akwai yadda ake yi, ya fi ki daina a ɓoye.

Abubuwan da ba na wasa da su: kada a haɗa shi da tramadol, domin haɗin yana iya sa serotonin ya yi yawa, a ga zazzaɓi da gumi da karkarwa da ruɗewa, har da jijjiga. Masu olsa su sani cewa shan ibuprofen ko diclofenac a kansa yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki. 'Yan ƙasa da shekara 25 ana sa musu ido sosai a makonnin farko da duk lokacin da aka canza adadi, saboda tunanin cutar da kai yana iya ƙaruwa a wasunsu, don haka wani a gida ya san an fara. Wanda kuma ya daina barci ya hau surutu da rawar kai bayan farawa, a dawo da shi asibiti a ranar.

Ba ya kama mutum irin kamun kodin ko tramadol, ba a jin ƙishirwarsa. Amma in aka yanke shi kwatsam ana iya jin jiri da saurin fushi da wani abu kamar lantarki a kai, musamman sertraline da escitalopram. Idan don damuwa aka ba da shi, ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, sannan likita ya janye shi sannu a hankali. Da azumi a tambaye shi ko a mayar da shan lokacin sahur. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC.

Ba kowane maganin damuwa ne ya dace ba. Amitriptyline yana da araha, ana samunsa ko'ina, amma yana buɗe ciki yana ƙara nauyi, kuma yana da haɗari ƙwarai in aka sha da yawa. Mirtazapine ma yana sa ci. Shi ya sa karɓar ragowar na maƙwabciya ko zuwa kemis a ce "ba ni na damuwa" yake iya mayar da hannun agogo baya. Za ki kuma ci karo da wasu sunaye biyu a intanet da ba na damuwa ba ne. Lisdexamfetamine shi ne wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2015, amma yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya kuma ana iya sabawa da shi. Topiramate maganin farfaɗiya ne da ke rage cin, sai dai yana kawo mantuwa da jin kamar ana tsira allura a yatsu, yana kuma iya yi wa ɗan tayi lahani, don haka mai neman haihuwa ta yi nesa da shi.

Mutanen gida

Miji ko uwa su ji wannan tun farko: jinyar tana tsayar da cin, amma ba lallai ta sauke ƙiba ba, yawanci nauyin tsayawa yake yi ya daina hawa. Maganar rage nauyi sai bayan an yi watanni cin ya daidaita, kuma ba da yunwa ba. Kulle sito da ɓoye makulli ba ya hanawa, ɓoyon kawai yake ƙarawa. Tsokana a gaban baƙi ma haka. Masu karanto mata hadisin kasa ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, su sani ta haddace shi tun tana Islamiyya, kuma shi ne ma yake sa ta kuka da dare. Taimakon da ke aiki shi ne a zauna a karya da ita da safe, a daina jibge abin kwaɗayi a ɗaki, a raka ta asibiti.

Tauraro zai sake fitowa ko bayan an sallame ki, galibi lokacin biki, jarrabawa, jego ko rashi. In ya fito, abinci na gaba a ci shi a kan lokacinsa, ba a rama da yunwa. In ya kai sau biyu ko uku cikin mako, ko kin ga kin fara tsallake karin kumallo, ki ɗauko littafin ki koma matakin farko, ki kuma je asibiti ba sai ranar da aka rubuta a kati ta zo ba. Tunanin kashe kai kuwa, ko da sau ɗaya ya gifta, a ranar ake faɗa wa wani a tafi sashen gaggawa.